Kallon harba roka a Florida cikin Fabrairu: amsa ga Alhajin Agege

Wani dattijo ɗan kasuwa a Agege ya aiko mini da tambaya. Ɗansa yana aiki a Orlando, cikin jihar Florida ta Amurka, kuma ya gayyace shi tare da Hajiya su je ganin jika a watan Fabrairu. Bizarsu tana hannu. Ya ce tun yana yaro yake jin labarin 'yan sama jannati a rediyo, ga shi an gaya masa inda ake harba roka ba shi da nisa da gidan ɗan nasa. Yana so ya san ko Fabrairu lokaci ne mai kyau, a ina ake tsayawa a yi kallo, sannan ko ya yanki tikitin jirgi daidai da ranar da aka sanar za a yi harbin.

Alhaji, ranka ya daɗe, zan fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce ke cinye wa mutane kuɗi. Kada ka ɗaura tafiyarka a kan rana ɗaya. Abin da za ka saya shi ne kwanaki, kamar takwas zuwa goma, waɗanda ba ka cika su da wasu alkawura ba. Ni aikina injiniyan sadarwa ta tauraron ɗan'adam ne a nan Ikeja, kuma aiki ya kai ni waccan gaɓar teku ta Cape Canaveral, inda ake harbin, fiye da sau ɗaya. A zuwana na farko kwana biyu kacal na ware bayan wani taro. Na yi hayar mota, na isa bakin ruwa tun da sauran lokaci, saura 'yan mintoci aka ce an fasa. Washegari aka sake ɗagawa. Rokar nan a waya na kalli tashinta, ina cikin cunkoson Oshodi.

Dalilan fasawa suna da yawa, kuma ba wasa ne ya jawo su ba. Na farko tsawa. Roka idan ta ratsa gajimare mai ɗauke da caji tana iya haddasa walƙiya da kanta, ko da babu ruwan sama. Haka ta faru da rokar Apollo 12 mai zuwa wata a ranar 14 ga Nuwamba 1969, tsawa ta faɗa mata sau biyu cikin mintin farko, Allah Ya sa ta tsira. A 1987 wata roka ƙirar Atlas ba ta tsira ba. Tun daga nan aka tsaurara dokokin yanayi, kuma akwai rundunar masu hasashen yanayi ta sojojin sararin samaniyar Amurka da ke fitar da rahoto kafin kowane harbi, tana faɗin kashi nawa cikin ɗari ake sa ran yanayi zai ba da dama. Na biyu iskar can sama, wadda kai da ke ƙasa ba ka jin ta: sararin sama tas, rana ƙwal, amma a tsayin kilomita goma iska na kaɗawa da ƙarfin da zai iya lanƙwasa roka. Na uku teku. Yawancin rokokin kamfanin SpaceX ɓangarensu na ƙasa yana dawowa ya sauka a kan wani jirgin ruwa mai faɗi can tsakiyar Atlantika, ɗaruruwan kilomita daga gaɓa, don haka idan igiyar ruwa ta yi yawa a can sai a jira, ko da inda kake tsaye ganye ba ya motsi. Ga kuma matsalar na'ura, ga ɗan'adam da halinsa: a ƙarshen Janairun 2022 wani katafaren jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa ya kutsa yankin da aka hana shiga, aka fasa harbi saboda shi. Ko NASA da kanta, hukumar sararin samaniyar Amurka, rokarta ta Artemis ta farko an tara dubban jama'a a ƙarshen Agustan 2022 aka fasa, aka sake fasawa a farkon Satumba, ba ta tashi ba sai 16 ga Nuwamba.

Shi ya sa idan ka duba jadawalin harbi za ka ga haruffa uku, NET, a gaban kwanan wata. Ma'anarsu ba za a harba kafin wannan rana ba. Ba su ce a ranar za a harba ba. Irin in sha Allahun tela ne ana gobe Salla.

To, abin da zai kwantar maka da hankali shi ne yanzu harbi ya yawaita ƙwarai. A 2023 an harba roka 72 daga wannan gaɓar, a 2024 kuma 93, wato kusan ɗaya a kowane kwana huɗu. Mafi yawansu rokar SpaceX ce mai suna Falcon 9 ɗauke da taurarin intanet na Starlink, waɗannan dai da kake ganin farin farantinsu a kan rufin gidaje da shaguna tun da suka fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Wanda ya zauna kwana goma a Orlando, da mota a ƙofar gida da direba mai haƙuri, da wuya ya dawo bai ga ko ɗaya ba. Kuma kai ka fi yawancin baƙi sa'a, tunda masaukinka gidan ɗanka ne. Daga Orlando zuwa bakin tekun tafiyar kamar awa ɗaya ce a kan babbar hanya mai lamba 528, wadda ake biyan kuɗin bi. In an fasa yau, ka koma gida ka yi wasa da jika, gobe a sake fita.

Game da watan kansa, a ganina Fabrairu yana cikin watanni mafi daɗi a can. Lokacin guguwar teku daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ka ga ya wuce. Hadarin la'asar mai tsawa da ke addabar Florida a watannin zafi shi ma babu shi sosai. Ruwan sama kaɗan ne, sauro ya ja baya, sama takan yi garau yadda ido zai bi roka har ta zama ɗigo. Da rana zafi yakan kai digiri 22 ko 23, da dare ya sauko wajen 11 ko 12. Amma akan sami kwana biyu ko uku da iskar arewa ke saukowa, sanyi ya faɗi ƙasa da digiri 5 da asuba. Kai da ka shekara da yawa a Legas, jikinka ya manta muku-mukun Kano da Jos, kuma za ka baro nan ne a lokacin da zafi ke haura digiri 32. Sanyin bakin teku kuma da iska yake zuwa, yana ratsa shadda kamar babu komai. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, da safa, da hular da ke rufe kunne, Hajiya ta riƙe bargo a mota. Wayarka a can za ta riƙa nuna ma'aunin Farenhait: in ka ga 70, digiri 21 ke nan namu, in ka ga 50 kuwa 10 ne, a ɗauko rigar.

Wannan sanyin yana da tarihi mai ɗaci a wurin. Ranar 28 ga Janairu 1986 aka harba kumbon Challenger bayan daren da ƙanƙara ta daskare a jikin dandamalin harbi. Sanyi ya sandarar da wani zoben roba da ke toshe mahaɗar roka, wuta ta sami hanya, kumbon ya tarwatse bayan daƙiƙa 73 da mutum bakwai a ciki. Fabrairu kuma yana da nasa ranakun farin ciki: ranar 20 ga watan a 1962 John Glenn ya tashi daga nan ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, ranar 6 ga watan a 2018 kuma aka yi harbin farko na babbar rokar Falcon Heavy.

Aibin Fabrairu guda ɗaya ne, tsada. Tsofaffin arewacin Amurka da Kanada suna gudo wa ƙanƙara su tare a Florida duk hunturu, kamar yadda masu cin rani ke cika gari. A tsakiyar watan akwai tseren motoci na Daytona, da hutun ranar shugabannin ƙasa wanda ke faɗowa Litinin ta uku. Da Maris ya kama sai ɗaliban jami'a su zubo bakin teku, da shigar da ba za ka so Hajiya ta gani ba balle kai. Idan kana so ka kwana dare ɗaya ko biyu a otal a Cocoa Beach ko Titusville, a kama ɗakin da wuri, kuma a zaɓi irin wanda ake iya sokewa ba tare da asarar kuɗi ba.

Yanzu batun wurin tsayawa, wanda a nan ne baƙo ya fi yin kuskure. Abin da mutane ke kira Cape Canaveral wurare biyu ne maƙwabtan juna: cibiyar Kennedy ta NASA a tsibirin Merritt, da sansanin sojojin sararin samaniya da ke kudu da ita. Dandamalin harbi suna jere a bakin teku tsawon kilomitoci masu yawa. Saboda haka kafin ku tashi daga gida ɗanka ya duba daga wane dandamali za a yi harbin. Mai lamba 39A, inda Apollo 11 ta tashi zuwa wata ranar 16 ga Yuli 1969, yana can arewa. Masu lamba 40 da 41 suna ƙasa da shi kaɗan. Mai lamba 36, na rokar New Glenn ta kamfanin Blue Origin wadda ta fara tashi a Janairun 2025, yana can kudu kusa da tashar jiragen ruwa.

Ga dattijo mai iyali, ni Titusville nake zaɓa. Gari ne a bakin wani faffadan ruwa da ake kira Indian River, yana fuskantar dandamalin arewa, babu abin da ya tare ido sai ruwa. Akwai wurin shaƙatawa na Space View Park, akwai gadar Max Brewer da mutane ke hawa da ƙafa, duk kyauta. Nisan ya kai kimanin kilomita 19 daga 39A, wato gadar Third Mainland sau ɗaya da rabi da ɗoriya. Ka ji kamar da nisa, amma roka ba fitilar ƙwai ba ce. Amfanin wurin shi ne mota tana kusa, in sanyi ya dami Hajiya ta koma ciki, kuma ko tsakar dare ne ba mai kore ku.

Wanda ke son kusanci sai ya biya. A cikin cibiyar baƙi ta Kennedy akwai wurin kallo kusa da zauren Apollo, kimanin kilomita 6 daga 39A, ana kai mutane a bas. Wani lokaci tikitin shiga ya wadatar idan harbin ya faɗo cikin lokutan aiki, wani lokaci kuma sai an sayi tikiti na musamman, kuma ya kamata a karanta sharaɗin abin da zai faru da kuɗin in an fasa. Akwai kuma bakin tekun Playalinda, shi ma kusan kilomita 6 ne, ana biyan kuɗin mota, da rana kawai yake buɗe, kuma akan rufe shi idan ya cika ko idan hukuma ta ga dama. Wata magana a kansa da ba kowa zai gaya maka ba: wuraren ajiye mota na farko-farko su ne suka fi kusa da roka, ku tsaya nan. Can ƙarshen hanyar, wajen mai lamba 13, an san shi da masu shan rana tsirara. Na faɗa maka ne don kada ɗanka ya ce bari mu ƙara gaba inda ba cunkoso. A ɓangaren kudu kuma akwai Jetty Park a bakin tashar jiragen ruwa, wanda ya fi dacewa da dandamalin kudu, ana sayen izinin shigarsa ta intanet. Daga yashin Cocoa Beach ma ana gani, sai dai ba za ka ga lokacin da take barin ƙasa ba, sai ta ɗago sama da gine-gine.

Abin da ido zai gani kuwa, bari in ɗan tsaya a kansa, don wanda bai sani ba yakan rikice. Falcon 9 tsayinta mita 70 ne, kamar bene mai hawa ashirin da wani abu, nauyinta da mai ya kusa tan 550. Man nata tataccen kananzir ne da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa. Ana fara ɗura man ne saura kamar minti 35, kuma in kun ji an fara, alama ce mai kyau, don daga nan ko dai ta tashi a kan lokacin ko a bar ta sai wata rana. Idan lokaci ya yi za ka ga haske ya tashi daga ƙasa, launin ruwan lemo mai kashe ido, hayaƙi fari ya bazu gefe da gefe, sannan abin ya fara ɗagawa a hankali kamar ba ya so. Kuma shiru. Ba za ka ji komai ba. Sauti yana cin kilomita ɗaya ne a daƙiƙa uku, don haka daga Titusville sai an yi kusan minti guda kafin ya iso. A zuwana na biyu wani da ke kusa da ni har ya fara cewa ashe abin ba ƙara, sai ga ta ta taho ta kan ruwa. Ba irin rugugin jirgin sama ba ce da muka saba ji a Ikeja. Tana da wani ƙas-ƙas a ciki kamar ana yaga sabon yadi a kusa da kunnenka, kuma a ƙirji ake jin ta. Ƙarfinta ya danganta da inda iska ta dosa: wata rana gilashin mota har rawa yake, wata rana kamar tsawa daga nesa.

Bayan minti biyu da rabi wutar za ta mutu, ɗan lokaci kaɗan wata ƙarama ta kama. Kada gabanka ya faɗi, ɓangaren ƙasa ne ya rabu da na sama. Na saman zai ci gaba har ya kai gudun kusan kilomita 28,000 a awa, gudun da zai kai mutum daga Legas zuwa Kano cikin kamar minti biyu. Na ƙasan kuma ya juyo. Idan a teku zai sauka, ba za ka ga saukar ba. Idan kuwa jadawali ya nuna zai dawo tudu, to wannan harbin shi ne wanda ya cancanci a soke duk wata hidima saboda shi. Wajen minti takwas da tashi za ka ga wani abu yana faɗowa daga sama kamar sanda, wuta ta kama a gindinsa, ya rage gudu, ya miƙe ƙafafu ya tsaya cak. Kana cikin mamaki sai ka ji ƙara mai kama da harbin igwa, biyu ko uku a manne, saboda ya keto iska da gudun da ya fi na sauti. A gargaɗi Hajiya tun da wuri, a kuma toshe wa jika kunne. An fara yin wannan saukar ne a Disambar 2015, yanzu har ta zama ruwan dare a wurinsu, amma ni har gobe ba ta daina ba ni mamaki ba.

In za ka zaɓa tsakanin na rana da na dare, ɗauki na dare. Ruwan gabanka gaba ɗaya yakan haske kamar gari ya waye. Wanda ya fi duka kyau shi ne na bayan magariba kaɗan ko na gab da fitowar rana, lokacin da ƙasa ke cikin duhu amma can sama rana na haska hayaƙin, sai ya buɗe ya yi wani farin kumbo mai shuɗi-shuɗi a sararin sama. Shawarata ka bar waya a aljihu. Hoton da za ta ɗauka ɗigon haske ne kawai, kuma yaran zamani da ke wurin za su ɗauka su tura maka. Ƙaramin madubin hangen nesa ya fi amfani. Sannan in ɗanka na bin shirin kai tsaye a waya, ku sani yana zuwa a makare da 'yan daƙiƙoƙi, sau da yawa roka ta riga ta bar ƙasa waya tana ƙirga goma. Ido a kan gabas, ba a kan allo ba.

A kula da agogo. A Fabrairu Legas tana gaban Florida da awa shida, daga Lahadi ta biyu ta Maris kuma ya koma biyar saboda suna tura agogonsu gaba. Wasu shafuka suna rubuta lokacin da agogon GMT, wanda ke gaban Florida da awa biyar a hunturu, har kwanan watan ma yakan bambanta. Manhajoji irin su Next Spaceflight suna juya lokacin zuwa na inda kake, kuma suna sanarwa idan an ɗaga. Harbin Starlink yakan sami tazarar awoyi da za a iya matsawa a ciki, don haka a tafi da abin zama da shayi a fulas. Wanda zai je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kuwa daƙiƙarsa ɗaya ce, in ta kuɓuce sai wata rana. Ku isa da awa ɗaya ko biyu kafin lokaci, in kuma harbin mai ɗauke da mutane ne ku ninka. Cunkoson bayan an watse ba zai ba ɗan Legas tsoro ba.

Ko da roka ko babu, ka ware yini guda cur don cibiyar baƙi ta Kennedy. Kuɗin shiga ya haura dala 70 ga babba, amma a nan ne za ka ga abin da kake ji a rediyo. Kumbon Atlantis na gaske yana rataye a wani zaure, da tabon ƙunar da ya samu a tafiye-tafiyensa 33, shi ne kuma ya yi tafiyar ƙarshe ta irin waɗannan kumbuna a Yulin 2011. Bas zai wuce da ku ta gefen ginin da ake harhaɗa roka, mai tsayin mita 160, kusan daidai da benen NECOM na Marina, sai dai shi ciki fayau yake kamar rumbu. Daga nan a sauke ku inda aka kwantar da Saturn V, mai tsawon mita 111, irin wadda ta kai mutane wata, ka yi ta tafiya a ƙarƙashinta kamar ba za ta ƙare ba. Akwai ɗan guntun dutsen wata da aka yarda a taɓa. Wurin da faɗi, in gwiwar Hajiya na damunta a karɓi keken turawa tun daga ƙofa, kuma a fara da bas ɗin da safe kafin layi ya yi tsawo.

Za ka iya tambaya me ya sa nan ɗin. Duniya tana juyawa zuwa gabas, kuma roka da aka harba ta gabas tana samun wannan gudun kyauta. A Cape Canaveral kyautar ta kai kusan kilomita 1,470 a awa, sannan gabas ɗinsu teku ne zalla, abin da ya faɗo ba zai faɗa kan kowa ba. Mu nan Legas mun fi su kusa da tsakiyar duniya, kyautarmu ta fi tasu, sai dai gabas ɗinmu mutane ne har Kamaru, tekunmu a kudu yake. Hukumar sararin samaniyar Najeriya, NASRDA, tana da cibiyar binciken roka a Epe, amma manyan taurarinmu a waje aka harba su: NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003, NigComSat-1R daga Sin a 2011. Akwai dai wani ɗan ƙarami, NigeriaEduSat-1, wanda jami'ar fasaha ta Akure ke da hannu a ƙera shi, da ya tashi daga wancan dandamali na 39A a Yunin 2017. In bas ya nuna muku wurin, ka san muna da ɗan rabo a ciki.

Ranar da aka fasa harbi kuma kuna can, kada ku juya haka nan. Yawancin filin da ke kewaye da cibiyar gandun namun daji ne, kuma hunturu ne lokacin da tsuntsaye masu ƙaura ke cika shi. Akwai hanyar Black Point mai tsawon kilomita 11 da ake bi a mota a hankali, ana ganin kadoji kwance a bakin ruwa suna shan hantsi. Ba a fita a matsa musu, ba a ba su abinci. Wani abin da zai ba ka dariya shi ne ayu. Wannan dabbar da ake ta ba mu labarin man jikinta a kasuwa, a can ɗaruruwa suke taruwa a Blue Spring, arewa da Orlando, duk safiyar da aka yi sanyi, saboda ruwan marmaron ba ya sauka daga digiri 22. Kana tsaye a kan gadar katako kana kallonsu kamar shanu a mashaya. Doka ta hana taɓa su ko damunsu, don haka in abokan kasuwa sun ba ka saƙon man ayu, ka ce musu ba a sayarwa.

Teku kuwa shi ne dai Atlantikan da ka sani a Lekki, da halinsa na jan mutum. A Fabrairu ruwan da sanyi, wajen digiri 20. A jiƙa ƙafa ya isa, in an ga jar tuta ko hakan a bari.

A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, sai ka duba kalanda kafin ka yanki tikiti. In ya haɗu da tafiyarka, azumin can mai sauƙi ne, awa goma sha biyu da 'yan kai, ga sanyi. Alƙibla daga Florida arewa maso gabas take, ba gabas sak ba kamar yadda hankali zai ba ka. Orlando tana da masallatai da shagunan naman halal da dama, akwai masallaci kuma a Melbourne, kudu da Cocoa Beach, amma a bakin ruwan Titusville sai dai ku shimfiɗa darduma a gefen mota, ku taho da ruwan alwala a gora. A gidajen abinci na gaɓar kifi da jatan lande ne mafita, sai a tambaya ko an sa giya ko naman alade a miyar.

Saura abu biyu na hanya. Jirgin da ke tashi kai tsaye daga Legas zuwa Atlanta yana cin awa goma sha biyu ko fiye, daga nan zuwa Orlando awa ɗaya da rabi. A Atlanta za a duba fasfo, ku ɗauki kayanku ku wuce kwastan sannan ku sake miƙa su, don haka a bar tazarar awa uku tsakanin jiragen biyu. Na san Hajiya za ta so ta kai wa ɗanta kilishi da dambun nama. Ba a shiga Amurka da su, karnukan filin jirgin kuma aikinsu ke nan. Duk abincin da ke cikin jaka a faɗe shi in an tambaya, wanda aka hana su karɓe, ba laifi, ɓoyewar ce ke jawo tara.

Na biyun shi ne bizar. A ranar 8 ga Yuli 2025 aka mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga ɗaya, mai wa'adin wata uku, waɗanda aka bayar kafin ranar kuma aka bar su yadda suke. Ka buɗe fasfo ka ga wacce ce taka da ranar ƙarewarta. Na kawo maganar ne saboda a tashar jiragen ruwa ta Port Canaveral za ku ga manyan jiragen ruwa masu zuwa Bahamas na kwana uku ko huɗu, kuma ɗa mai son faranta wa iyaye yana iya cewa bari ya saya muku. Hawa wannan jirgin fita ce daga Amurka, kuma mai bizar shiga ɗaya ya riga ya kashe tasa a Atlanta. Ku tsaya a Jetty Park ku ɗaga musu hannu suna wucewa.